Ranar da Aka Kife Bencin Nawa-Nawa

Benci ne Auta ta fara gani, a kife, ƙafafunsa suna kallon sama a ƙofar shagon Baba Mai Shinkafa. Ba ruwa aka yi ba balle a ce shanya shi aka yi, kuma ba karyewa ya yi ba. Tun tana 'yar firamare take biyo mahaifiyarta kasuwar nan idan an yi hutu, ba ta taɓa ganin bencin nan a kife ba.

Mahaifiyar tata, wadda duk kasuwar ke kira Nawa-Nawa, ma'aikaciyar ofishin ƙididdiga ce, aikinta tambayar farashin kaya. Ta yi sallama kamar kullum, na'urar aiki a rungume a ƙirjinta.

"Baba, an tashi lafiya? Yau bencin nawa barci yake yi?"

Tsohon bai ɗago ba. Yana ɗinke bakin wani buhu da basilla.

"Hutawa yake yi. Ya gaji da jin magana."

"To ni fa, a tsaye zan yi aikin?"

"Wane aiki kuma? Ai kin gama." Ya ja zaren ya datse da haƙori. "Jiya wata yarinya ta kira ni a waya, murya kamar ta mai karanta labarai. Ta ambaci sunana har da na ubana. Ta gaya mini buhu nawa nake sayarwa a mako, da wurin wanda nake sari, da farashin da in ciniki ya kai can nake sallamawa. Ta ce daga sabon babban shagon nan na bakin titi take, wai in dawo ina sari a wurinsu. Nawa-Nawa, wannan farashin ko uwar 'ya'yana ba ta san shi ba. Ke kaɗai na gaya wa. Ke da farantin nan naki."

Faranti suke kiran na'urar, saboda faɗinta. Auta ta dubi farantin, ta dubi fuskar Mama.

Wanda bai san Nawa-Nawa ba zai ce benci ne kawai, katako da ƙusa. Sai an koma baya kaɗan.

Mama tana gama sakandare aka ɗauke ta aikin wucin gadi a wata ƙidayar gidaje. Da aka gama aka sallami kowa, ita aka riƙe ta, don rubutunta ba ya buƙatar a kira ta ta karanta. Aka ba ta kasuwa. Duk wata sai ta ɗauki takardunta a kan ɗan allo mai maƙali, da fensir ɗaure da zare, ta bi layi-layi: shinkafa nawa, mai nawa, sabulu nawa, ƙwai, sukari, silifa. A ofis a haɗa nata da na sauran garuruwa, wata rana a ji rediyo yana cewa tsadar kaya ta ƙaru da kaza cikin ɗari. Sai ta ƙara sautin rediyon ta ce wa 'ya'yanta, "Ku yi shiru ku ji. Akwai ƙafata a cikin lambar nan." Mijinta direba ne, ya rasu Auta tana rarrafe. Da wannan yawon kasuwar ta rene su su huɗu.

Farkon zuwanta korar kare aka yi mata. Kowa ya ɗauka 'yar leƙen asirin masu haraji ce. Wata ta taɓa watsa mata ruwan wanki a ƙafa. Waɗanda suka amsa mata kuwa farashin baki suke ba ta, wanda ake fara yi wa baƙo, ba farashin sallama ba, wanda a kansa kaya ke barin shago. Shi kuwa ofis na biyun yake so, don shi mutane ke biya. Ɗan kasuwa kuma ya gwammace ka ga tsiraicinsa da ka san inda yake sallamawa.

Ba da daɗin baki ta shawo kansu ba. Ta yanke wa kanta cewa ba za ta taɓa sayen ko ashana a kasuwar da take aiki ba. Cefanen gidanta sai ta shiga mota ta tafi wata kasuwar a can ƙarshen gari, 'ya'yanta suna mita. Ko ruwa ba ta karɓa, da gorarta take yawo. Wata rana Mai Ƙwai, wata mata mai ƙiba da baki kamar reza, ta faki idon Mama ta zuba wa Auta ƙwai a jakar makaranta. Sai da suka isa gida aka gani. A ranar, da ƙafa, suka koma da su. Mai Ƙwai ta riƙe haɓa ta ce, "Wannan mata, ko Allah ya ba ki aljanna sai kin tambayi ko da saninsu a ofis."

Maganarta ɗaya ce ga kowa: "Sunanka a bakin ƙofa yake tsayawa. Lamba ce kawai take shiga ofis." Haka kuwa abin yake. A takardunta babu sunan kowa, shago mai lamba kaza ne kurum, wane ne mai lambar kuma a kanta yake.

Abin da ya kawo benci, wani maƙwabcin Baba ne, shi ma mai shinkafa, ya ja ta gefe ya nuna mata turmin zane, wai ta gaya masa inda Baba yake sallamawa. Ta ce masa kunnenta na ofis ne, bakinta kuma ba na haya ba ne. Ashe Baba yana bayan buhuna yana ji. Da wata ya zagayo ta tarar kafinta ya kawo sabon benci, Baba ya share shi da hannun rigarsa ya ce, "Zauna. Yau zan gaya miki gaskiya." Tun daga nan bencin ya zama ofishinta. Masu mai da masu sabulu su zo ɗaya bayan ɗaya, su zauna kusa da ita, su rage murya. Bayan farashi har da abin da ba ta tambaya ba: wanda ciniki ya tsaya masa, wanda ɗansa ya gudu da jari. Shekara ashirin da 'yan kai, ba a taɓa jin maganar wani a bakin wani ba.

Ofishin kuwa, a faɗi gaskiya, yana jin jiki. Kwamfutoci sun mutu an lulluɓe su da zane. Takardu sun taru har suna taɓa silin, ɓeraye suna cin farashin bara. Lambar watan nan sai bayan wata da watanni take fita, lokacin kaya sun sake tashi, jama'a su ji a rediyo su yi dariya. Don haka da aka ce gwamnati ta yi haɗin gwiwa da wani kamfani mai zaman kansa don a gina ƙwarewar ma'aikata, kowa ya yi murna, Mama a gaba. Aka yi taro a otel, aka yi tafi, aka raba huluna da na'urori. A ajin bita ita ce mafi tsufa, tabarau a ƙarshen hanci, tana danna gilashin da ƙarfi kamar mai kashe cinnaka. Ta dawo gida tana cewa yanzu ruwan sama ya yi ta zuba, babu takardar da za ta jiƙe.

Auta ƙididdiga ta karanta a jami'a, saboda Mama. Ta gama ta zauna a gida har ta fara jin kunyar gaida maƙwabta. Sai kamfanin ya ɗauki matasa masu digiri su riƙa bin tsofaffin ma'aikata suna taimaka musu da na'ura, aka ɗauke ta, aka kuma haɗa ta da mahaifiyarta. Ranar da ta kawo katin aikin mai igiya, Mama ta rataya shi a wuyanta ita ma ta je gaban madubi.

Sai dai farantin ya zo da tambayoyin da takarda ba ta taɓa yi ba. Yana son sunan mai shago, da lambar wayarsa, da hotonsa a ƙofar shagon. Yana son a ce buhu nawa a mako, daga hannun wa. In ba a cike gurbi ba, ba ya yarda a wuce gaba.

Wata yamma suna tsakar gida, Mama tana tsince wake a tire, ta ce, "Auta, ke kika yi karatun. In na sa sunan mutum a cikin abin nan, wa zai gani?"

"Ofis ne kawai, Mama."

"Ba zato na tambaye ki ba. Je ki tambayo."

Washegari Auta ta sami Manajan kamfanin, wani saurayi mai fara'a da ke kiran kowa 'yar uwa. Ya yi dariya ya dafa ƙirji.

"'Yar uwa, ko ni nan ba zan iya buɗewa ba. A kulle yake, mabuɗin yana hannun gwamnati. Hoto da lambar waya don a tabbatar ma'aikaci ya je wurin ne, ba gindin bishiya ya samu ya cike da ka ba. Ki ce wa Mama ta kwantar da hankalinta."

Ta kawo amsar gida da zafinta.

"Kin tabbata?"

"Na tabbata, Mama."

"To shi ke nan. Bakinki bakina."

Mama ta bi shago-shago tana lallashi. Wasu suka noƙe. Baba ne ya fara miƙewa ya gyara hula ya tsaya a gaban buhunansa. "Ni ban san faranti ba," in ji shi, "ke na sani. Ɗauka." Da aka ga Baba ya tsaya, kowa ya tsaya. Mai Ƙwai sai da aka sake mata hoto har sau nawa, wai ɗankwalinta ya karkace, kada gwamnati ta ɗauka haka take.

Bayan 'yan watanni aka buɗe babban shago a bakin titi, dab da ƙofar kasuwa, mai gilashi da sanyi da kwanduna masu taya. Abin da ya ɗaure wa 'yan kasuwa kai, komai nasa yana ƙasa kaɗan da farashin sallama. Ba ƙasa da na baki ba, ƙasa da na sallama, da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, amma ya isa mai saye ya juya. Shinkafa haka, mai haka, ƙwai haka. Aka yi ta cewa mai shagon da aljanu yake aiki. Sai ga kiran waya ya fara shigowa, ba Baba kaɗai aka kira ba.

Wannan shi ne abin da ya kife bencin.

A ranar Mama ba ta yi musu ba, ba ta rantse ba. Sai ta ce, "Na ji, Baba." Ta ci gaba da bin layin, tana gaida kowa da sunan sana'arsa. Wasu suka amsa a ciki, wasu suka duƙa suna gyara kayan da ba su ɓaci ba. Mai Ƙwai ce kaɗai ta ɗaga murya.

"A'a, ga masu hoto! Yau wane gefen za a ɗauka? Ko in kwance muku bakin zanena ku ɗauki abin da ke ciki, ku kai wa iyayen gidanku?" Ta juya kan Auta. "Ke kuma 'yar boko, da uwarki ta bar ki kin ci ƙwan nan, ko kya ji kunyata."

Auta ta so ƙasa ta tsage. Suka shiga mota. Ta jira faɗa har suka sauka, faɗa bai zo ba.

Kai tsaye ofis suka wuce, wurin Darakta. Tare suka fara aiki da Mama tun yana yawon ƙidayar gidaje da keke, shi ya ci gaba da karatu ya hau. Ya saurare ta har ta gama, fanka tana kaɗa takardun teburinsa.

"Ranka ya daɗe, an ce mabuɗin yana hannunku."

Ya cire tabarau ya murza ido. "Wane mabuɗi? Ni nan da kike gani, in ina son lambobin watan jiya, sai na rubuta wa kamfani na zauna jira. Komai yana wurinsu. Daga sama aka sa hannu, mu kuwa tafa hannu kawai aka kira mu mu yi."

"Shagon bakin titin fa?"

Ya dubi ƙofa, ya rage murya. "Na ji an ce da shi da kamfanin uwa ɗaya uba ɗaya. Amma ba a bakina kika ji ba."

"To ƙwarewar da aka ce za a gina mana, ina take?"

"Ba ga shi kin iya danna faranti ba?" Ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ido ba, sannan ya sunkuyar da kai.

Auta ba ta iya haƙuri ba. Ta wuce kamfanin, ta hau bene wurin Manaja.

"Kai ka ce mini a kulle yake. Ka dafa ƙirji ka ce in gaya wa Mama."

Fara'ar tana nan, sai dai ta yi sanyi. "'Yar uwa, zauna mana. Kamfani bai karya dokar kowa ba, lauyoyi sun duba komai. Kuma mu faɗi gaskiya, tsofaffin ma'aikatan nan duk kasuwa abokansu ne. Wa ya san wanda ya ga 'yan canji ya saki baki? Ba Mama nake nufi ba fa."

Da safe ta kara katinta a ƙofar kamfanin, fitila ta nuna ja, ƙofa ta ƙi buɗewa. Ta sake, ja. Maigadin da kullum yake tsokanarta da kiran ta Farfesa ya juya yana kallon titi.

'Yan kasuwa suka kai kuka gidan rediyo, magana ta yi ƙarfi, aka kafa kwamitin bincike. Kamfani ya aika wa kwamitin cewa na'urorinsa ba su da ɓaraka, in wani abu ya fita to daga hannun ma'aikatan kasuwa ya fita. Aka ce Mama da sauran masu yawon farashi su zauna a gida har a gama. An bar jaki ana dukan taiki. Da ta je mayar da farantin, sai da ta goge gilashinsa da gefen mayafinta, ta naɗe wayar cajinsa tsaf, sannan ta miƙa.

Zaman gida bai karɓe ta ba. Takan tashi da sassafe yadda ta saba, ta yi wanka, ta cika gorar ruwa, sai ta tuna, ta zauna a bakin gado da takalmi a ƙafa. Auta kuwa abinci ya daina wuce mata. Waya na ƙara ko ta maƙwabta ce sai ta zabura. Duk abin da take yi tana jin muryarta tana cewa na tabbata, Mama.

Wata rana ta kasa daurewa. "Mama, ki yi mini faɗa mana. Ko zagi ne."

Mama tana yanka albasa, ba ta tsaya ba. "Faɗan me? An yi miki ƙarya kin kawo mini. Ke sari kika yi, ni na bi layi na sayar ɗai-ɗai." Ta share ido da bayan hannu. "Albasar nan da yaji take."

Da lokacin zagayen wata ya yi, ta shirya ta ce Auta ta raka ta. Babu faranti, babu takarda, gorar ruwa kawai. Shagon Baba ya rame, buhunan da a da suke kaiwa rufi yanzu da ƙyar suke kai ƙugu. Bencin yana nan a kife, wani ya ɗora masa kwali.

"Baba, ban zo tambayar farashi ba. Sun ce in zauna a gida. Na zo ne in tsaya a gabanka. Ni na ce ka yarda, abin da na ce ba zai faru ba kuma ya faru."

Masu mai da masu sabulu suka fara matsowa, Mai Ƙwai a gaba, hannu a ƙugu.

"Nawa-Nawa, ni na san ba ki sayar da ni ba," in ji Baba. "Matar da ta dawo da ƙwai da ƙafa ba za ta sayar da mutum ba. Amma kasuwa ba ni kaɗai ba ce. Ga su nan, kowa ya ga hotonsa ya tafi inda bai aike shi ba. Kuma ofishinki da kansa ya ce ku ne. In ba ku ba ne, shugabanku ya zo nan, ya tsaya inda kike tsaye, ya faɗa da bakinsa wanda ya buɗe. A ranar, da hannuna zan ɗaga bencin nan."

"Ya zo da kansa fa," in ji Mai Ƙwai. "Kada ya aiko mana da faranti."

Wasu suka yi dariya. Mama ma ta ɗan murmusa, ta ce ta ji, za ta isar.

Ta isar. Darakta ya ce wallahi zai zo, amma ba zai iya buɗe baki ba sai kwamiti ya fitar da sakamako, in ba haka ba kujerarsa ce za ta tafi. A cikin kwamitin akwai wakilin kamfani. An ce za su zauna ƙarshen wata, sai shugaban kwamitin ya yi tafiya. Yanzu an ce mako mai zuwa.

Mama ta ajiye wayarta a kan tebur kusa da rediyo, kullum cike da caji. Auta ce take dubawa, ta duba ta sake dubawa. Bencin yana nan a kife. Kwamiti bai zauna ba, Darakta bai kira ba tukuna.